Kafin Malam Ya Ɗauki Bulala, Ya Tambayi Cikin Yaro

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ku lura da yadda Bahaushe ke magana. In mutum ya ji daɗi, mu ce yana farin ciki. In ransa ya ɓaci, mu ce baƙin ciki, in kuwa ya tsorata, mu ce cikinsa ya ɗuri ruwa. Kakanninmu sun ajiye murna da tsoro a wurin da tuwo ke sauka, ga shi likitoci sun bi tasu hanya sun iske su can.

Likitocin sun gano cewa a bangon hanji akwai ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100. Akwai kuma wata babbar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta bi wuya da ƙirji, ta sauka ciki. Wajen huɗu cikin biyar na zarenta labari suke ɗauka zuwa sama, kamar dagaci mai aika wa hakimi bayanin gari dare da rana. To, in gari ba lafiya, ina hakimi zai sami sukuni?

Abin da ya sa na kawo wannan magana, da mu za a bar 'ya'yan mutane, kuma mun iya saurin kiran yaro daƙiƙi. Ku ji abin da ya faru a kudancin Amurka. An daɗe ana yi wa talakawan can gorin lalaci, 'ya'yansu kuwa ba su gane karatu. A 1902 wani masani, Charles Stiles, ya nuna wata 'yar tsutsa ce ke cinsu. Tana shiga ta fatar ƙafar wanda ya taka ƙasar da aka yi bayan gida, ta bi jini har ta kai hanji, ta maƙale tana tsotson jini. Jini ya ragu, jiki ya mutu, kai ya yi nauyi. A 1909 attajirin nan Rockefeller ya ba da dala miliyan ɗaya a yaƙe ta. Da aka auna 'yan makaranta, sai aka tarar kusan huɗu cikin goma suna ɗauke da ita. Aka ba su magani, aka haƙa masai, sai ga yara sun cika aji. Ku duba bulala nawa aka karya a banza kafin wannan shekara!

Tsutsar nan tana ƙasarmu, balle inda ƙasa ke da laima, yara kuma suna yawo ba takalmi.

Sa'an nan ga zancen abinci. Cikin babban hanji akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, yawansu ya kusa daidai da ƙwayoyin jikin mutum duka, kuma galibinsu taimakonmu suke yi. Abincinsu shi ne dusar da cikinmu ba ya narkarwa, irin ta gero da dawa da wake da ganye. Ni a ganina yaron da ya karya da fura da nono, ya ci tuwon dawa miyar kuka, ya fi wanda aka cika da burodi da alewa sa'a, ko da shi wannan yana ganin ya waye.

Wani zai ce mu malamai ne, ina ruwanmu da aikin likita? Gaskiya ne, kuma lalle akwai malalacin da cikinsa lafiya lau, wannan ladabi yake bukata. Amma rarrabe su ba wuya. Yaro mai yawan gyangyaɗi, ka tambaye shi abin da ya ci da safe, ka tambaye shi ko yana zawo ko ciwon ciki. Ka ja fatar idonsa ta ƙasa ka duba. In ka ga ta yi fari fat, ajiye bulala ka rubuta masa takarda zuwa asibiti, gama maganin tsutsa ba shi da tsada. Bayan haka ka zaga bayan makaranta ka ga ko masai yana da murfi, da ruwan wanke hannu a kusa.