Cin Rani da Allo da Alli: Koyar da Ingilishi a Hayin Iyaka

Tun kaka da kakanni mutanen ƙasar Gwandu ba su san zaman banza bayan an sa amfanin gona a rumbu ba. Da zarar kaka ta wuce, samarin ƙauyuka irin su Maruda da na wajen Kalgo sukan ɗaure 'yan komatsansu su fita cin rani, wani da ƙwadago, wani da koli, wani kuwa da allo da tawada, sai damina ta kawo jiki su komo. Abin da ya sauya a yau shi ne irin hajar da ke hannun matashi. Da yawa daga cikin masu fitowa daga kwalejojin horon malamai da jami'o'i, har da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta ke gefen Kalgo, ba su da jari sai harshen Ingilishi da suka kwashe shekara goma sha shida suna fama da shi. A gida wannan haja ta yi kwantai, domin masu ita sun fi guraben aiki yawa. A hayin iyaka kuwa, cikin Jamhuriyar Nijar, ana nemanta da kuɗi. Ya kamata a daina yi wa wanda ya ƙetara ya buɗe ɗan ajin koyar da Ingilishi a Gaya ko Doso ko Yamai kallon wanda boko ya kayar, kuma ya kamata sassan Hausa su gane cewa wannan sana'a tasu ce kafin ta zama ta kowa.

Dalilin kasuwar a fili yake. Nijar ta tashi da Faransanci a makaranta da ofis, Ingilishi kuwa darasi ne da yaro ke fara gamuwa da shi sai ya shiga sakandare, ya yi ta haddar ƙa'idoji don jarrabawa, ya fita bai iya tambayar hanya da shi ba. Alhali fataken Maraɗi da na Yamai suna sayayya a Dubai da Sin, inda Faransanci ba ya sayen ko allura, matasa suna neman aiki a ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje, wasu kuma suna son shiga jami'o'in Nijeriya da Gana. Sa'an nan a watan Maris na 2025 hukumomin soja na ƙasar suka fitar da sabon kundi wanda ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci kafaɗa da kafaɗa a matsayin harsunan aiki. Ga kuma zancen kuɗi, wanda malamai ba su cika son a ambata a mujalla irin wannan ba, amma shi ke tashin mutum daga garinsu. A 1980 naira ɗaya ta fi sefa 300. A 2024 jaka ɗaya ta sefa, watau sefa 1,000, ta haura naira 2,000. Reshe ya juye da mujiya.

Ba sabon abu ba ne a ce mutumin wannan yanki ya yi arziki da harshe a baƙuwar ƙasa. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi ne, shi ya sa a rubuce-rubucensa yake kiran kansa Bakabe. Ya yi karatu a ƙasashen Sakkwato da Gwandu, ya bi hanyar fataken goro zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, yana ciniki yana karantarwa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin take hannun Jamusawa, ya zama limaminta, a can kuma ya rasu a 1934. Mutanen ƙasar ya koyar da su Larabci da addini, Turawa irin su Krause da Mischlich kuwa suka sha Hausa daga bakinsa da alƙalaminsa, kuma ƙamus ɗin da Mischlich ya buga a 1906 yana cikin abubuwan da ɗaliban wannan fanni ke jin sunansu tun shekarar farko. Abin lura a rayuwarsa shi ne, harshen da yake sayarwa daban, harshen da ya buɗe masa ƙofa daban. Hausar zango ce ta sama masa masauki da almajirai da amincewar jama'a.

Haka abin yake ga malamin Ingilishi na yau. A ɗauka cewa wani saurayi ya tashi daga Maruda, ya bi ta Kalgo ya kama hanyar Kamba, ya sauka a Gaya ya kama hayar shago ya jera benci huɗu. Ingilishinsa ba zai kai na Bature ba, wataƙila ma bai kai na mutumin Gana ko na Ikko da ke wannan sana'a a gari ɗaya da shi ba. Abin da ya fi su da shi, yana iya tsayawa gaban ɗan kasuwa mai shekara hamsin wanda bai taɓa shiga lakwal ba, ya warware masa jimlar Ingilishi da harshen da suka tsotsa su biyun. Ya san dalilin da ya sa bakin Bahaushe ke gauraya p da f, da dalilin da ya sa v ke komawa b, domin shi ma ya sha wannan wahala. Ya san cewa Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakani, shi ya sa ta gyara kalmomin aro suka zama burodi da sukurdireba, kuma ɗalibi zai yi wa kowace sabuwar kalma irin wannan gyara in ba a tare shi ba. Ya san cewa Bahaushe ya saba rarrabe kai da ke, da ku, ga shi Ingilishi ya haɗe su cikin kalma guda. Duk wannan ilimin tsarin sauti ne da nahawu, kuma a sashen Hausa ake karanta shi, ko da yake akasari ana karanta shi ne don a ci jarrabawa a manta.

Sai dai kada saurayin nan ya ɗauka Hausarsa ta wadatar. Hausar hayin iyaka ta yi aro daga wata rijiya dabam. Inda shi zai ce makarantar boko da malam da littafin rubutu da likita, zai ji ana cewa lakwal da mushe da kaye da lokotoro. Ɗalibin da ya yi sakandare kuwa yana zuwa da kurakurai hawa biyu, na Hausa da na Faransanci, yana karanta harafin Ingilishi da lafazin Faransa. A Doso da Yamai kuma Zabarmanci ne ke gaba a unguwanni da yawa, a Gaya ga Dandanci. Malamin da ya yi girman kai ya ƙi koyon ko gaisuwa da waɗannan harsuna, bencinsa zai yi ƙura.

Akwai masu cewa, kuma a cikin ɗaliban Hausa suka fi yawa, bai dace wanda ya karanta harshen uwa ya zama dillalin harshen 'yan mulkin mallaka ba, balle a lokacin da maƙwabta suka fara kakkaɓe Faransanci. Wannan magana tana da daɗin faɗa a taron makon Hausa. Amma attajirin da ke son ya karanta takardar kayansa da kansa ba zai fasa neman Ingilishi don an yi masa wa'azin kishin harshe ba, zai dai nemi wani malamin. Tambayar ita ce da wane harshe za a koya masa. In ta hanyar Faransanci aka bi, Hausa ta zauna a bakin ƙofa kamar yadda ta saba. In ta hanyar Hausa aka bi, dole a ƙirƙiro kalmomin nahawu, a rubuta littattafan darasi, a yi ƙamus na kasuwa, kuma harshe da irin wannan aiki yake girma.

Inda haɗarin gaske yake shi ne baƙunci. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma tarihin wannan sana'a ya tabbatar da haka ta hanya mai ɗaci. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, makarantun Arewa suka cika da yara babu malamai, mutanen Gana da yawa suka zo suka riƙe azuzuwan Ingilishi da lissafi, wasu suka buɗe darasin yamma a gidajen haya. Dattawan da suka yi sakandare a tsohuwar Jihar Sakkwato a waɗannan shekaru suna tuna su da alheri. Amma da kuɗin mai ya ja baya, a ranar 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, kuma 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka fita. An ɗan ƙara wa masu sana'a irin su malamai wa'adi, amma iskar ta kwashe da yawa daga cikinsu. Kafin nan, a Nuwamba 1969, gwamnatin Busia ta yi wa 'yan Nijeriya irin wannan kora daga Gana, har da Hausawan zango da aka haifa a can. Kwanan baya ma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, an rufe iyakar Nijeriya da Nijar watanni, kuma a Janairu 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ce ta ba ɗan yankin damar shiga ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Ƙasashen Sahel ɗin sun ce ƙofarsu tana buɗe ga maƙwabta, amma abin da sanarwa ta bayar sanarwa tana iya karɓewa.

Saboda haka wanda zai tafi ya tafi da ido biyu. Ya yi takardun zama, ya nemi izinin buɗe aji daga hukumar ilimi ta wurin, ya biya abin da doka ta ɗora masa, kada ya fake da cewa ai duk ƙasar Hausa ce. Ya sani kuma kuɗin darasi ba albashi ba ne. Ɗalibai sukan cika aji gab da jarrabawa, su watse da damina, 'yan kasuwa su ɓace da azumi da lokacin aikin hajji, mai shago kuwa ba ya ɗaga ƙafa a kan kuɗin haya. Dabarar tsofaffin 'yan cin rani ta fi dacewa da shi, watau kada ya sayar da gonar gado, kuma abin da ya samu ya riƙa aikowa gida ana sa shi cikin dabba ko hatsi.

Nauyin da ke kan malaman sashe ya fi sauƙin ɗauka. Darasin kwatanta nahawun Hausa da na Ingilishi, wanda a yanzu yake warwatse cikin darussan fassara da tsarin sauti, ana iya tattara shi wuri ɗaya, a ƙara masa zango guda na Faransancin farko da nazarin karin harshen Arewa da Kurfai da Adar. Ɗaliban ajin ƙarshe da ke neman batun kundin digiri, maimakon a sake rubuta tarihin makaɗin da aka riga aka rubuta sau goma, ana iya tura biyu ko uku su zauna a Kamba da Gaya na wata guda, su tattaro kurakuran da masu koyo ke yi, su tsara darasi talatin na farko da Hausa zalla, a buga shi ƙaramin littafi mai araha wanda zai shiga aljihun riga.