Tsofaffin kuɗi shaidun tarihi ne, kada a narkar da su

Duk wanda ya san ƙasar Junju, wadda ake rubutawa Dioundiou da Faransanci, ya san mutanenta sun saba da lissafi iri biyu. A kasuwa guda ana ciniki da dala da jika, ana kuma ciniki da naira, domin iyakar Najeriya tana kusa, Gaya da kogin Kwara suna kudu, ƙasar Benin tana ƙetaren ruwa. Wannan hali ba yau ya soma ba. Shekaru aru-aru kuɗi iri-iri sun ratsa Dallol Mawri a hannun fatake da ƴan gishirin Foga da masu zuwa Gwanja sayen goro. Ragowar waɗannan kuɗi har yanzu tana nan cikin ƙorai da tukwane da adakokin tsofaffi, amma kullum raguwa take yi. Ya kamata hukuma da talakawa su dubi al'amarin tun bai ƙwace ba.

A ƙasashe da dama akwai mutanen da suka mai da tara tsofaffin kuɗi abin sha'awarsu. Suna neman tsaba da takardu, su jera su bisa shekaru da ƙasashe, su binciki asalin kowace ɗaya. Wani zai ce wannan wasan masu hali ne, alhali kuwa masana tarihi suna dogara da aikin irin waɗannan mutane ƙwarai, saboda tsabar kuɗi tana ɗauke da shekara da suna da rubutu, abin da bakin mutum yakan mance.

A fara da wuri. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Ba a samun wuri a Kwara ko a wani tafki na ƙasar Hausa. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya aka riƙa ɗauko shi, daga baya kuma, cikin ƙarni na 19, ƴan kasuwar Turai suka kawo wani iri mai ɗan girma daga wajen Zanzibar. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2.500 a bakin liyari guda na azurfa. Wuri 20.000 shi ake kira keso. Da wuri ya yi yawa sai darajarsa ta yi ta faɗuwa, har ɗaukarsa ta zama wahala ga fatake. Saboda haka idan an tono tukunyar wuri a tsohon kango, abin da aka samu shaida ce cewa wannan gari yana cikin cinikin da ya haɗa shi da tekun da mutanensa ba su taɓa gani ba.

Sai liyari, wato babbar tsabar azurfa mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Nauyinta giram 28 ne, kuma kusan kowace ɗaya tana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu. Nan akwai abin lura ga mai tarawa: an ci gaba da buga ta da wannan shekara ɗaya har cikin ƙarni na 20, don haka ganin 1780 a jikinta ba ya nufin a shekarar aka buga ta. Wanda bai san haka ba, ko ya ruɗi kansa, ko wani ya ruɗe shi.

Zuwan Turawa ya raba ƙasar da kuɗinta gida biyu. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta sa iyaka ta bi tsakiyar Dallol Mawri, kafin yarjejeniyoyin 1904 da 1906 su gusar da ita. Daga nan dangi guda, wasu suna biyan lanho da tamma da dala ta Faransa, wasu suna biyan haraji da sule na Ingila. Dala ita ce tsabar azurfa ta tamma biyar mai nauyin giram 25, kuma sunanta ne ya wanzu har yau, shi ya sa mutumin Nijar yake kiran tamma ɗari dala ashirin. A ɓangaren Ingila an hana shigo da wuri a 1904, sa'an nan a 1907 aka fito da anini mai huji a tsakiya, wanda goma suke yin kwabo guda. A jikinsa akwai tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, domin masu mulkin sun san Larabci ne rubutun da mutanen ƙasa suke iya karantawa. Anini ya ɓace daga kasuwa, taro da sisi da sule da fataka sun bi shi bayan da naira ta fito a watan Janairu na 1973, amma har gobe ana cewa wane ba shi da ko anini.

Kuɗin sefa an kafa shi ran 26 ga Disamba 1945. Tsofaffin tsabarsa suna ɗauke da sunan Afirka ta Yamma ta Faransa, na bayan mulkin kai kuwa suna ɗauke da sunan babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, wanda hedkwatarsa take Dakar tun 1978. Alamar kifin da ake gani a jikinsu an ɗauko ta ne daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan. Wanda ya jera waɗannan tsaba a faifai ɗaya, daga wuri zuwa sefa, ya jera tarihin ƙasarsa na shekara ɗari biyu. Tsofaffin takardu ma suna da nasu labari. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Najeriya ta canja launin takardun naira, ta rufe iyakokinta, mutanen bakin iyaka da yawa suka wayi gari da takardun da ba su sayen komi. Wadda ta ragu a ƙasan adaka, shaidar wannan hasara ce.

To, ina matsalar take? Hanyoyi uku ne waɗannan kaya suke salwanta. Ta farko ita ce wutar maƙera: liyari da dalar azurfa ana narkar da su a yi awarwaro da zobe. Ba a zargin maƙeri, sana'arsa ce tun kaka da kakanni, amma tsabar da ta shiga wuta ba ta komowa. Ta biyu ita ce dillalai masu bin ƙauyuka suna saye bisa nauyi, su fitar da kayan waje. Ta uku, wadda ta fi muni domin ba a ganinta, ita ce mutuwar tsofaffin da suka san labarin. Tsabar da ba a san inda ta fito ba, ba a san hannun da ya riƙe ta ba, rabin amfaninta ya tafi. Ƙasar nan ta riga ta ga darasi a Bura, cikin yankin Tera, inda aka gano tsoffin gumakan yumɓu a 1975, masanin nan Boubé Gado ya yi tono na ilimi a 1983, daga baya masu haƙar sata suka wawashe wuraren, kayan suka watse cikin duniya ba tare da tarihinsu ba.

Wani zai ce, mutumin da rumbunsa ya ƙare ba za a hana shi sayar da azurfar uwarsa ba. Gaskiya ne, kayansa ne, yunwa kuma ba ta jira. Abin da ake roƙo kaɗan ne: kafin a sayar, a rubuta. Nan ne aikin waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci yake. Littafi ɗaya da alƙalami sun isa. A rubuta sunan da tsofaffi suke kiran tsabar, da shekarar da take jikinta, da gidan da aka same ta, da abin da ake saye da ita a zamaninta, ko sadaki ne, ko lanho, ko kuɗin gishiri. A ɗora takarda bisa tsabar a goga fensir, hotonta zai fito. Kada a wanke ta da toka ko yashi ko lemun tsami, gama gogewa tana cinye rubutun, tana kuma rage darajarta. A naɗe kowace ɗaya dabam cikin takarda, a ajiye inda raɓa ba ta kai.

Ma'aikatan hukuma su ma suna da nasu kaso. Junju ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, kuma ba zai gagari magajin gari da sarakunan gargajiya da malaman makaranta su ware akwati ɗaya mai gilashi da rajista ɗaya ba, inda duk wanda ya ba da kyauta ko aro za a rubuta sunansa a ba shi takardar shaida. Wanda ya ci karo da tukunyar kuɗi wajen haƙar rijiya ko harsashin gini, ya bar ta yadda take, ya sanar da hukuma, gama dokar 30 ga Yuni 1997 ta ɗora wa gwamnati kare kayan tarihin ƙasa. Gidan tarihi na Dosso da gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, su ne wuraren da za a nemi shawara.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Yaron da aka damƙa wa anini a hannu ya karanta shekararsa da kansa, ba zai mance darasin mulkin mallaka ba. Tsofaffin da suka ƙidaya sule da dalar azurfa da hannunsu kaɗan suka rage, saboda haka mai littafi da alƙalami ya soma da gidansu, tun bana.