Ƙwaƙwalwa ta kumbura, wa ke sauraren zuciya?

Tun annobar sanƙarau ta 1995, yaron da aka kawo gidan likita da zazzaɓi da suma, wuyansa ake fara dubawa. Amma akwai kumburin ƙwaƙwalwa da ƙwayar birus ke haddasawa, irin na ƙyanda ko na cizon mahaukacin kare, wanda maganin sanƙarau ba ya taɓa shi. A gindin ƙwaƙwalwa linzamin bugun zuciya yake. Idan ciwo ya kai can, zuciya takan yi gudu, ko ta yi sanyi, ko ta rikice, yaro ya cika ana tsakiyar neman saukar da zafin jikinsa. A Taiwan, cikin 1998, birus EV71 ya kashe mutum 78, galibi ƙananan yara, da yawansu zuciya da huhu ne suka gaza.

A 2006 gwamnati ta ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Madalla, sai dai takardar doka ba ta auna bugun zuciya. Na'urar da ke zana bugun ba ta kai kuɗin motar minista guda ba. Wajibi ne kasafin kuɗin ƙasa ya ajiye ta, tare da wanda ya iya karanta ta, a kowane ɗakin jinyar yara na Maraɗi, Damagaram da Tawa.