Madatsar Bakolori: Darasi daga matan Gambiya masu kiwon kawa

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan karin magana shi ke faɗo mani a rai duk lokacin da na ga ana sayar da kifin ƙanƙara na ƙasashen waje a kasuwannin Zamfara, alhali ga tafkin Bakolori shimfiɗe a tsakanin Maradun da Talata Mafara.

A shekarar 1978 aka kammala gina wannan madatsa a kan Gulbin Sakkwato, kuma tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Ba a banza aka same ta ba, domin dubban mutane sun rasa gidaje da gonaki, sa'annan a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoman da ke neman diyya wuta. Tun daga wancan lokaci hankalin hukumomi, har da shirin TRIMING na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2014, ya fi karkata ga noman rani. Shi kuwa masunci, a Tsibiri yake ko a Bakura, an bar shi da komarsa da gorarsa.

Mai karatu, bari mu leƙa ƙasar Gambiya, inda mata ke rayuwa da kawa, wato halittar nan mai ɓawo da ke girma a ruwan gishiri. Da suka ga kawar tana ƙarewa saboda yawan ɗiba, sai suka kafa ƙungiyar TRY a 2007. A 2012 gwamnatin ƙasar ta ba su keɓantaccen haƙƙin ɗibar kawa a dausayin Tanbi da ke kusa da Banjul. Su ne da kansu suka amince a riƙa rufe ruwan na watanni takwas a shekara, wasu kuma suka koma kiwon ta a jikin igiyoyi.

Mu dai ba mu da teku, kuma kawa irin tasu ba ta rayuwa a ruwanmu. Abin koyi shi ne, sai da aka ce da matan nan ruwan nasu ne kafin suka iya haƙurin tattalinsa. Wane masunci ne zai saki ƙaramar tarwaɗa yau, in ya san gobe wani zai kwashe ta da taru mai ƙananan idanu?

Saboda haka ya kamata Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da gwamnatin jiha su zauna da sarakunan ruwa, a rubuta wa ƙungiyoyin masunta haƙƙinsu a kan sassan tafkin, a kuma tsayar da lokacin hutun su a damina, lokacin da kifi ke hayayyafa. Bayan haka ne za a yi zancen kiwon karfasa cikin keji, kamar yadda ake yi a tafkin Volta na ƙasar Gana, tare da neman shawarar cibiyar binciken kifi ta New Bussa.

Sai dai duk wannan ba zai yiwu ba muddin 'yan bindiga na hana mutane kaiwa bakin ruwa. Waɗanda aka tasa domin a tara wannan ruwa su suka fi cancanta su ci moriyarsa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, amin.