Sauke Wasiyyi Ba Yanke Zumunci Ba Ne



Shekarun baya kaɗan muka raka wani abokin aikinmu makwancinsa, Allah ya jiƙansa. Ya bar mahaifiya da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, babbansu bai kai shekara goma sha biyar ba. Ya bar sashensa a gidan gado a nan Goron Dutse, da shaguna biyu da ya fitar a jikin zaure, da fili a bayan gari, da kuma haƙƙinsa na aiki da ba a biya ba. Tun yana jinya ya faɗa a gaban shaidu cewa ƙanensa ne zai riƙe wa yaran rabonsu har su yi hankali.

Ɗaya daga cikin yaran ta zo ajina. A rajista na fara ganin abin da ke faruwa a gidansu. Da farko makara ce, sai fashin kwana biyu a mako, daga baya na haɗu da ita da farantin talla a hanyar Ƙofar Kabuga a lokacin da ya kamata tana gaban allo. Shagunan nan kuwa ba su taɓa zama babu ɗan haya ba.

Uwar yaran ta yi haƙuri shekara uku. Ta kai kuka wurin gwaggonsu, ta je wurin liman, an zauna a zauren mai unguwa har sau uku, kullum baffan yaran yana cewa komai na nan. Da ta ga ba ci gaba, sai ta kai maganar kotun shari'ar Musulunci. Alƙali ya nemi lissafi, ba a samu ba. Aka gano an sayar da filin ba da sanin kowa ba. Kotu ta sauke shi, ta naɗa wani dattijo daga cikin dangi, ta kuma sharɗanta a riƙa zuba kuɗin haya a asusun banki na yaran, a riƙa kawo mata lissafi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na ji mutane suna faɗa bayan haka. Wai ta tona asirin gida, wai ta kai ƙanen mijinta gaban alƙali, wai ta raba zumunci. Har a ɗakin malamai na ji irin wannan magana. Ni kuwa a ganina daidai ta yi, illa dai ta yi jinkiri.

Mu fara da abin da shari'a ta tanada, domin yawancinmu da al'ada muke aiki muna zaton addini ne. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, mai iko a kan dukiyar yaro shi ne mahaifinsa, sannan wanda mahaifin ya yi wa wasiyya, sannan alƙali ko wanda alƙali ya naɗa. Zama baffa ko yaya kaɗai ba ya ba mutum wannan iko. Wasiyyin ma da sharaɗin amana yake riƙe da dukiyar. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan birnin nan tun zamanin kakanni, ya bayyana cewa wasiyyin da ba amintacce ba sauke shi ake yi. A Suratun Nisa'i, aya ta 6 ta yi umarni a kafa shaidu ranar da za a miƙa wa maraya dukiyarsa, aya ta 10 kuma ta yi gargaɗi mai tsanani ga mai cin ta. Ashe tun asali ba a bar wannan al'amari ga kunya da kara ba.

Dokar ƙasa ma ta tafi a kan haka. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gado da wasiyya da waƙafi da kyauta da lamarin ƙananan yara cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke da hurumi a kansu. Wato wanda aka sauke ma ba a rufe masa ƙofa ba. In yana ganin an zalunce shi, ya ɗaukaka ƙara, ya kawo lissafinsa.

Masu zargin matar nan suna da hujja ɗaya da ba zan raina ba. Gidajen cikin birni gidaje ne na haɗaka. Zaure ɗaya ake shiga, rijiya ɗaya ake ja, ranar suna da ranar mutuwa tabarma ɗaya ake shimfiɗawa. Ƙara a kotu takan bar tabo, ga yawan ɗage zama, ga kuɗin mota, ga ɓacin lokaci. Shi ya sa sulhu ke gaba, ko a wurin dattawan gida, ko a zauren mai unguwa, ko a ofishin Hisbah. Amma idan sulhu ya zama hanyar jan lokaci har fili ya salwanta, to ba sulhu ake yi ba. Zumuncin da sai maraya ya bar makaranta kafin ya ɗore, wa yake amfana? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Dole kuma mu yi wa wasiyyai adalci. Da yawansu ba da niyyar cuta suka karɓi amanar ba. Mutum ne mai nasa iyalin, ya haɗa kuɗin marayu da nasa a aljihu ɗaya, ya ranta yau da niyyar mayarwa gobe, ya zuba wani a kasuwa ya karye, bai rubuta komai ba. Bayan shekara biyar shi kansa bai san nawa ya shiga nawa ya fita ba. Irin wannan, sauke shi taimako ne gare shi, domin lissafin gaban alƙali ya fi na ranar gobe sauƙi. Haka kuma canza mutum kaɗai bai isa ba. Idan aka naɗa sabo ba tare da an ƙidaya abin da aka miƙa masa ba, ba a kuma sa masa ranar kawo lissafi ba, an dai sauya hannu ne, matsalar tana nan.

Mu malamai wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawanmu babu abin da za mu bari da ya kai giratuti da haƙƙin mamaci da za a karɓo daga Asusun Fansho na Jihar Kano. Sunan da ka rubuta a fom a gurbin ɗan'uwa mafi kusa, sunan wanda za a tuntuɓa ne. Bai mayar da shi mai dukiyar ba. Kuɗin gado ne: a biya bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, mata ta ɗauki tumuninta, uwa ta ɗauki sudusinta, saura na 'ya'ya. Wasunmu tun suna samari suka cike fom ɗin nan, har yau ba su sake duba shi ba.

Don haka ina kira gare mu. Kowa ya rubuta abin da ya mallaka da bashin da ke kansa da wanda yake bi, ya sa shaidu biyu su sa hannu. Wanda zai zaɓi wasiyyi ya duba amana da iya lissafi kafin ya duba kusanci, ya kuma gaya wa matarsa. Wanda aka ɗora wa amanar ya sayi littafi na musamman, ya buɗe asusu dabam. Mu da ba ma barin aji sai mun kira suna mun cike rajista, bai kamata rubuta kuɗin haya ya gagare mu ba.

Ga shugabannin reshenmu kuma, ta'aziyya da gudummawar ranar sadakar uku ba su wadatar ba. A samu mutum biyu ko uku a kwamitin walwala da za su riƙa leƙa iyalan mamatanmu, su raka matar da ba ta san ƙofar ofis ko ta kotu ba, su tambayi hedimasta ko yaran suna zuwa makaranta.

Yarinyar nan ta dawo aji, ta kuma gama firamare. Baffanta har yanzu yana shiga gidan, ana gaisawa, duk da fuska ba ta saki sosai ba. Filin dai bai dawo ba. Da an yi magana tun shekarar farko, da wataƙila yana nan.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya sa mu cika da kyau da imani.