RA'AYINMU: Da wane mudu ake auna gidajen abincin Abuja?

Duk lokacin da shekara ta doshi ƙarewa, ko salla ta gabato, sai shafukan intanet da na Instagram su cika da jerin sunaye: gidajen abinci goma da suka fi fice a Abuja, wurare bakwai da suka dace a kai babban baƙo, da makamantansu. Hotunan kan zo da kyau, fitilu masu sanyin haske, farin faranti da ɗan yankan nama a tsakiyarsa, an ɗiga miya a gefe kamar zanen lalle. Unguwannin ma kusan ba sa canzawa, daga Maitama sai Wuse 2, sai Asokoro, wani lokaci a haɗa da Jabi. Abin da ba a cika gani tare da jerin ba shi ne sunan wanda ya yi awon, da mudun da ya auna da shi, da kuma wanda ya biya kuɗin abincin da aka ɗanɗana.

Wani zai ce wannan ƙaramin lamari ne a ƙasar da take fama da matsalar tsaro da tsadar rayuwa. Masu karanta wannan jarida sun san ba haka ba ne. Da yawansu mataimaka ne na musamman, ko sakatarori, ko jami'an tarbar baƙi a ma'aikatu da hukumomi. Su ne ake kira da yamma a ce: akwai baƙi gobe, a nemo wuri mai kyau. Mataimaki ya buɗe waya, ya duba jerin da ya fara fitowa, ya kama tebur. Idan aka tashi lafiya, shi ke nan. Idan baƙo ya kwana yana zaryar banɗaki, ko takardar kuɗi ta zo da ƙarin da ba a yi kasafinsa ba, babu wanda zai nemi mai shafin da ya tsara jerin. Mataimakin ne zai tsaya gaban maigida yana ba da haƙuri. Kuma sau da yawa kuɗin da aka kashe a teburin na baitulmali ne.

Ba muna adawa da bunƙasar wannan sana'a ba ne. Birnin da ke ɗauke da fadar shugaban ƙasa, da ofisoshin jakadanci, da hedikwatar ECOWAS, yana buƙatar wuraren cin abinci na alfarma, kuma waɗannan wurare suna ɗaukar matasa aiki, suna sayen kifi daga kasuwar Kado, da kayan marmari daga Zuba, da nama daga Dei-Dei. Damuwarmu ita ce yadda talla take sanya rigar sharhi. Sanannen abu ne cewa ana gayyatar masu tasiri a kafofin sada zumunta su ci kyauta, wasu kuma a biya su, su fito su yi yabo. Wannan sana'a ce halastacciya matuƙar an faɗa wa mai kallo cewa talla ce. Idan aka ɓoye, aka kuma liƙa lamba ta ɗaya da ta biyu da ta uku kamar sakamakon jarrabawa, to an shiga hurumin yaudara.

Yana da kyau a dubi inda al'adar jera gidajen abinci ta samo asali. Kundin Michelin, wanda ya fi kowane suna a duniya, kamfanin tayar mota ne ya fara buga shi a Faransa a shekarar 1900, domin ya kwaɗaitar da masu motoci su riƙa tafiye-tafiye, tayoyinsu su ƙare, su sayi sababbi. Wato shi ma da manufar kasuwanci aka haife shi. Ya fara ba da tauraro a 1926, daga baya tsarin ya kai taurari uku. Abin da ya sa duniya ta yarda da shi shi ne ƙa'idojin da ya kafa wa kansa: masu binciken nasa ba sa bayyana kansu, suna shiga kamar kowane baƙo, suna biyan kuɗin abin da suka ci, kuma ana iya ƙwace tauraron idan gida ya lalace. Akwai masu sukar kundin, musamman kan fifita salon girkin Turai, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka, kowa ya san mudunsa.

Kundin bai shigo Nijeriya ba tukuna, amma abincinmu ya riga ya isa gare shi ta wata ƙofa. A watan Fabrairun 2024, Adejoke Bakare, wadda ta tashi a Kaduna, ta samu tauraron Michelin da gidan abincinta na Landan, ta zama baƙar mace ta farko da ta samu wannan matsayi a Birtaniya. Sunan gidan Chishuru, kuma daga Hausa aka ɗauko shi: ci shiru, wato shirun nan da kan sauka a kan masu cin abinci idan girki ya yi daɗi. A wannan shekarar ce kuma wani gidan abincin Afirka ta Yamma mai suna Akoko ya samu nasa tauraron a birnin, shi kuwa Ikoyi yana da biyu. Abin lura a nan shi ne, a Landan ana karrama daddawa da yaji da gero a teburin alfarma, a Abuja kuwa yawancin jerin da ake yaɗawa sun fi karkata ga girkin Italiya da na Sin da na Labanan, kamar dai abinci ba ya zama na manya sai sunansa ya gagari harshe.

A nan ne masu jerin suka yi tuya suka manta da albasa. Duk wanda ya taɓa raka baƙo daga Legas ko Fatakwal ko wata ƙasa ya san abin da ake tambaya kafin a tafi filin jirgi: kilishin Area 1. Ya san yawan manyan motocin da ke tsayawa da daddare a wajen masu tsire da balangu, da masu gasa kifi a kasuwar barikin Mogadishu. Ya san gidajen da ake layi a kan masa da miyar taushe, ko tuwon shinkafa, ko sakwara da miyar agushi. Waɗannan su ne ɗanɗanon da baƙo ke tafiya da shi gida. Jerin da ya auna kujeru da fitilu da kiɗa ya bar waɗannan a waje, ya auna ado ne kawai. Masu iya magana sun ce fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.

To amma ko da an gyara wannan, akwai awon da ya fi ɗanɗano muhimmanci, kuma shi ne wanda babu mai shafin da zai iya yi, domin ba a barin kowa ya leƙa kicin. Mai cin abinci yana ganin falo ne kawai. Ba ya ganin firiza, ba ya ganin inda ake wanke ganye da irin ruwan da ake wanke shi da shi, ba ya sanin ko likitan dabbobi ya duba naman kafin ya baro mayanka, ko masu girkin suna da takardar shaidar lafiya. Lamarin firiza kuwa ba wasa ba ne. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin lantarki na masu rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, babban layin wutar ƙasa ya sha durƙushewa a shekarar, ga kuma tsadar dizal. Gidan da ke ajiye jatan-lande da kifin teku da aka ɗauko daga nesa yana buƙatar sanyi dare da rana ba yankewa. Idan aka kashe janareta bayan an tashi domin rage asara, kaya suka narke, da safe suka sake daskarewa, babu abin da zai nuna a hoton Instagram. Cikin mai ci ne zai ba da labari. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan nunar da 'ya'yan itace da sinadarin kabaid, da adana wake da maganin ƙwari, kuma kasuwannin da talaka ke saye su ne dai waɗanda manyan gidaje ke aika yaransu.

Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da jami'in tsafta kan shiga gida ya leƙa randa, kowa kuma yana shakkar zuwansa. Jami'an lafiyar muhalli suna nan har yau, a ƙarƙashin Hukumar Babban Birnin Tarayya da ƙananan hukumomi irin su AMAC, ga kuma hukumar kare muhalli ta AEPB. Masu gidajen abinci da otal-otal sun daɗe suna kokawa cewa masu zuwa karɓar kuɗi da sunan hukuma sun yi yawa, kowa da rasit ɗinsa. Idan kuwa ana zuwa ana dubawa, ina sakamakon? Mai cin abinci bai taɓa ganinsa ba. Binciken da sakamakonsa ke ƙarewa a cikin fayil, amfaninsa ga jama'a kaɗan ne, kuma yana buɗe ƙofar sasantawa a bayan fage.

Wasu birane sun warware wannan cikin sauƙi. Tun 2010, birnin New York na Amurka ya wajabta wa gidajen abinci su liƙa sakamakon binciken tsafta a inda mai wucewa zai gani, da harafin A ko B ko C. A yawancin sassan Birtaniya ana ba da maki daga 0 zuwa 5, ana kuma wallafa shi a intanet, kuma a yankin Wales da Arewacin Ayalan doka ce a liƙa shi a ƙofa. Tsarin bai damu da tsadar kujera ba. Ƙaramin shago na iya samun maki biyar, katafaren gida ya samu biyu. Abuja ba ta buƙatar sabuwar hukuma domin yin haka. Tana buƙatar a haɗa binciken a hannu ɗaya, a fitar da ma'aunin a fili, a liƙa sakamakon a ƙofa da kwanan wata, a kuma bai wa mai gida damar ɗaukaka ƙara da neman sake dubawa bayan ya gyara. Muna kira ga Ministan Babban Birnin Tarayya da sakatariyar lafiya da su fara da manyan gidajen da ke karɓar baƙin gwamnati, kafin a gangaro kan masu sayar da abinci a kewayen Sakatariyar Tarayya. A saba, da mai ƙaramin ƙarfi ake fara gwada doka. Wannan karon a juya.

Sai batun farashi. Mafi ƙarancin albashi da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, a shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A manyan gidajen Maitama da Wuse 2, cin mutum biyu na dare ɗaya na iya zarce wannan albashi na wata guda, kuma mai kawo farantin wataƙila daga Mararaba ko Kubwa ya taso tun da asuba. Ba ma cewa a ƙayyade wa kowa farashi. Mai kuɗi da abinsa. Amma abin da aka rubuta a takardar jerin abinci ya kamata ya zama shi ne abin da za a biya, ko kuma a bayyana ƙarin tun kafin a zauna. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 sananne ne. Kuɗin hidima da ake ɗorawa a ƙasan takarda shi ne abin tambaya: nawa ne, tilas ne ko ganin dama, kuma yana isa hannun ma'aikatan da suka yi hidimar? Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi a bayyana farashi, ta kuma haramta bayanin da zai ruɗi mai saye. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta shafi tallan da ake yi a intanet. Dokokin suna nan. Hukumomin biyu za su iya fitar da umarni ƙarara cewa duk jeri ko yabon da aka biya, ko aka ci kyauta a kansa, a rubuta hakan a samansa.

Akwai kuma wani abu da jerin ba sa kulawa da shi, alhali yana damun yawancin masu karatunmu. A girkin Turai ana yawan zuba giya a miya, ana kuma sa naman alade a abincin da sunansa bai nuna haka ba. Musulmin da ya zauna gaban takardar da aka rubuta da Faransanci ko Italiyanci ba lallai ne ya gane ba, kuma kunya kan hana babban mutum tambaya a gaban baƙi. Haka lamarin yake ga mai ciwon sukari, da wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko jatan-lande. Birnin da ya tara kowane addini da kowace ƙabila ya cancanci takardar abinci mai faɗin abin da ke cikin tukunya.

Mu ma 'yan jarida ba mu tsira daga wannan zargi ba. Shafukan nishaɗi na kafofin labarai kan buga sanarwar buɗe sabon gida kamar yadda aka aiko ta, a sa mata kanun labari. Ƙa'idar da muke ganin ta dace ga duk kafar da za ta jera gidajen abinci, har da wannan, ba ta da wahalar fahimta: wakili ya je fiye da sau ɗaya ba tare da sanarwa ba, kafar ta biya kuɗin abincin daga aljihunta, a bayyana abin da aka auna, a kuma ware talla a shafin talla.

Kafin hukumomi su motsa, mataimakin da aka aika neman tebur yana da abin yi. Ya je da kansa da rana kafin ranar taro, ya nemi jimillar farashi a rubuce har da haraji da kuɗin hidima, ya tambayi inda ake samo nama da abin da ake sawa a miya, ya kuma nemi a nuna masa takardar binciken tsafta ta baya-bayan nan. Gidan da ya amince da kicin ɗinsa ba ya ɓata rai da irin waɗannan tambayoyi, wasu manajojin ma da kansu za su buɗe masa ƙofar su ce ya leƙa.