Reshe Da Gadon Uwarsa

A ƙasar Kanada, wadda ta halatta tabar wiwi a shekarar 2018, galibin masu nomanta da lasisi sun gwammace su yanko reshe daga uwa mace su dasa maimakon shuka iri, domin reshen yakan gaji siffar uwarsa kaf, kuma ba a asarar taki da lantarki a kan namijin da ba shi da fa'ida. Hikima ce, babu shakka. Amma reshen da ya gaji albarka yakan gaji illa, har cuta guda ta game gona baki ɗaya. A Nijeriya doka ta haramta wannan ganye, sai dai ina roƙon manomin rogo, wanda shi ma kara yake dasawa, ya binciki lafiyar uwar kafin ya sa adda.